Wuyan 'Yar Hutu

Jama'a masu bibiyar wannan labari, ina yi muku sallama, ina kuma ba ku haƙurin shirun da na yi. Na ga wadda ta rubuta a ƙarƙashin kashin da ya gabata cewa namijin da ke share saƙo kafin ya aika bai isa aure ba. Ban ji haushi ba, 'yar'uwa. Na ma rubuta miki amsa, na share.

Ga wanda ya tarar da mu a tsakiya, ni ma'aikacin shagon magani ne, ina da difloma a fannin haɗa magunguna. 'Yan unguwa suna kirana Likita, ni kuma kullum sai na gyara musu, domin ban kai ba. Wadda nake nema da aure bazawara ce, tana aiki a kamfanin biskit, a sashen da ake jera shi cikin kwali. Tana da 'ya guda mai shekara bakwai. Maƙwabta ne suka laƙaba wa yarinyar 'Yar Hutu saboda cikar kumatunta da kaurin damatsanta, sunan ya bi ta har ya danne na gaskiya, uwar ma ta koma Maman Hutu. Matar da ke fita tun gari bai gama wayewa ba, ta dawo da kumburarrun ƙafafu bayan faɗuwar rana, ita ake kira Maman Hutu.

Ranar Asabar da ta wuce ce Yaya ta ce in kawo mata su ta gani. Yaya ita ta riƙe ni tun bayan rasuwar iyayenmu, ita ta tsaya min har na gama karatu. In ta ce a'a, babu wanda zan kai wa ƙara.

Da safe, ina cikin goge kanta, saƙon Maman Hutu ya shigo:

"Likita, in za ka taho ka zo min da sabulu mai ƙarfi daga shagonku. Wuyan Hutu ya ƙi fita. Na dirje shi jiya, na dirje yau, kamar ƙara masa baƙi nake yi. Ba na so yayarka ta ce ƙazama ka kwaso."

Sai na nemi kujera na zauna.

Na daɗe da lura da wuyan nan. Wani baƙi ne a bayan wuya, cikin ninkin fata, mai laushi kamar karammiski. A makaranta an nuna mana irinsa. Ba dauɗa ba ce, kuma babu sabulun da ke fitar da shi. Sau da yawa alama ce cewa jikin yaro mai ƙiba ya fara wahala da sukari. Ba ni da tabbas, sai an gwada jini, amma na san ba abin a yi shiru ba ne.

Za ku ce to mene ne abin wahala, ka faɗa mata mana. Ku tsaya ku ji. Ranar da aurenta ya mutu, ta fito da yarinyar a goye, uwar mijin ta biyo ta har bakin ƙofa ta ce, "Tafi da ita. Ke da ba ki ajiye komai ba, a hannunki sai ta koma tsinke. Duk ranar da na ga ta rame, zan zo da ƙafata in ɗauki jikata." Tun daga lokacin, duk ƙarshen wata Maman Hutu takan yi wa yarinyar kwalliya, ta tsayar da ita jikin labule, ta ɗauki hotonta ta aika wa tsohuwar. Ba ta haɗa shi da ko kalma ɗaya, kumatun nan su ne amsarta. Ita wannan amsa ce nake shirin ce mata ciwo ne.

Na rubuta, "Ba sabulu yake buƙata ba." Na share. Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na duba, na ga ta yi kama da ta mai shirin fasa aure, na share. A ƙarshe abin da na aika shi ne, "To." Na ɗauki sabulun jarirai, mafi laushi a shagon, domin aƙalla kada fatar ta ƙara ɗayewa, na sa a aljihun dama. Hannuna kuma, bisa sabo, ya shiga kwalbar da ke kan kanta ya ɗebo alawa, ya zuba a aljihun hagu.

Ɗakinsu yana can saman wani benen haya, a bakin babban titi. Gado ɗaya ne, da ƙaramin talabijin, da risho a bayan ƙofa. A gefen gadon akwai bokitin roba mai murfi, cike da karyayyen biskit, wanda kamfani ke raba wa ma'aikata duk ƙarshen mako. Tagar tana da ƙarfe, kuma in ka leƙa ba abin da za ka gani sai kawunan manyan motoci. Gidan ba shi da tsakar gida. Tun da mota ta buge ɗan maƙwabtansu a ƙofar benen, Maman Hutu ta kafa doka: in an taso daga makaranta, mai ɗinkin da ke ƙasa ta hau da yarinyar ta kulle, sai uwar ta dawo. Tsakanin azahar da faɗuwar rana, abokan zaman Hutu su ne talabijin da bokitin nan da lemon kwalba.

"Kawu Alawa!" Ta taho ta rungume ƙafata. "Me ka kawo min?"

An sa mata riga ruwan hoda mai zif a baya. Na lura mai ɗinki ta ƙara wani ƙyalle a gefe da gefe, launinsa bai yi daidai da na rigar ba. Bayan wuyanta ya yi ja saboda dirza, baƙin kuwa yana nan inda yake. Na sa hannu a aljihu. Na rantse muku niyyata in ce yau babu, amma ta ɗaga kai tana kallona da wannan ido, sai ga alawa a tafin hannunta.

Maman Hutu ta fito daga bayan labule cikin doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, da farin mayafi wanda har yanzu karin guga bai bar shi ba. Ta ɗan sa kwalli. Ban taɓa ganinta ba tare da gajiya a fuska ba sai ranar.

"Ka tsaya kana kallona kamar takardar likitan da ka kasa karantawa," in ji ta. "Ina sabulun?"

"Mun makara. In mun dawo."

Ta ɗauko wani kwali daga kan gado ta rungume. Biskit ne lafiyayye, ba karyayye ba, irin mai tsadar da take jerawa da hannunta amma ba ta taɓa kawowa gida ba. Tsarabar yaran Yaya ce.

Gidan Yaya yana ɗaya gefen gari, inda tituna ke da bishiyoyi kuma babu direba mai danna oda. Mijinta injiniya ne. Da mai gadi ya buɗe mana, Hutu ta tsaya cik tana kallon ciyawar tsakar gidan.

"Mama, ana takawa?"

"Ana takawa, 'yata," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Don takawa aka shuka ta. Ku shigo, sannunku da hanya."

'Yan biyun Yaya, mace da namiji, sa'o'in Hutu ne. Dawowarsu ke nan daga koyon iyo, gashinsu bai gama bushewa ba, dogaye sirara, ba sa iya tsayawa wuri ɗaya. Maman Hutu ta durƙusa ta gaida Yaya, ta miƙa kwalin da hannu biyu. Yaya ta yi godiya sosai, har da sa albarka, sannan ta miƙa wa mai aiki ta ce a ɗora a saman kabad.

"Ba na barinsu su saba da kayan zaƙi," ta ce, tana murmushi. "Sai dai jefi-jefi."

Na ga yatsun Maman Hutu sun kama bakin mayafinta. Da Yaya ta juya, ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Likita, yaran nan zazzaɓi suka yi ne? Duk ƙashin wuya a waje."

"Lafiyarsu ƙalau."

"Ikon Allah. Ga gida har gida, ga yara kamar ba a ba su abinci."

Da gaske take, tausayinsu take ji. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

An kawo gasasshen kifi da shinkafa kaɗan da ganye mai yawa, da farantin yankakkiyar kankana da gwanda. Hutu ta duba teburin daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina lemo?"

"Ruwa muke sha a nan," in ji ta macen cikin 'yan biyu. "Me ya sa ake ce miki 'Yar Hutu?"

"Saboda ina jin daɗi," Hutu ta amsa, kamar mai maimaita abin da ta sha ji. "Mamana ba ta barina da yunwa."

Bayan cin abinci yaran suka fito da keke. Hutu ba ta taɓa hawa ba. 'Yan biyun suka riƙe mata, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna turawa suna ihu, ita kuma tana ƙyalƙyala wata irin dariya da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ba su kai ga katanga ba ta ce a tsaya. Ta sauka ta zauna a kan ciyawa, tana haki, gumi ya jiƙe wuyan rigar. Na yunƙura zan je, sai ta ɗaga hannu.

"A sake!"

Maman Hutu ta fito da waya tana ɗaukar hoto, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Auta, zo ka taya ni ɗauko kofuna," in ji Yaya.

Yaya tana da mai aiki, kuma ba ta taɓa neman taimakona a kan kofi ba. Na bi ta kicin, ta tura ƙofa.

"Uwar ta kwanta min," ta ce. "Tana da kunya, tana da tsabta, idonta ba ya yawo a kan kayan mutane. Amma ka ga wuyan yarinyar nan?"

"Na gani, Yaya."

"Tun yaushe?"

Na juya ina neman kofuna a kabad.

"Wato diflomar don ado aka rataye ta a bango. Auta, wannan sakaci ne. Uwa ta zauna tana ɗura wa yarinya sukari kamar mai kiwon..."

"Ba ta zauna ba, Yaya. Zaman ne ba ta da shi." Ni kaina na yi mamakin yadda muryata ta fito. "Ba ta da firji, in ta sayi kankana da safe kafin ta dawo ta lalace. Biskit kyauta ake ba ta, kuma ba ya lalacewa. In ta dawo ƙafarta ba ta iya tsayuwar girki, sai abin da zai dahu kafin yarinya ta yi barci. Kuma a ina za ta yi gudu? A kan matakala?"

"Mu ma a ɗaki ɗaya muka tashi. Wa ya yi ƙiba a cikinmu?"

Gaskiya ta faɗa, kuma tun ranar nake juya maganar. Lokacin da muke yara, in gida babu, a jikin yaro ake gani: haƙarƙari a waje, wando yana zamewa. Muna yini a waje muna gudu domin babu abin da zai tsare mu a ɗaki. Yanzu abin da ya fi araha shi ne mai zaƙi, mai maiƙo, wanda ke cikin leda, wanda ke sa yaro ya yi shiru har uwarsa ta dawo. Ganye da 'ya'yan itace da filin wasa da lokacin girki sun koma kayan masu hali. A shagonmu ina ganinsu kullum, yaran masu gadi da na masu wanki, kumatu cike, ana cewa sun ji daɗi. Ainihin 'yan hutun kuwa ga su can a kan ciyawa, ƙashin wuya a waje. Talaucin bai tafi ko'ina ba, kamanninsa ne suka sauya, mu kuma muna nan muna nemansa da tsohuwar fuskarsa.

Ban faɗa wa Yaya duk wannan ba. Ban iya jera magana a tsaye ba, sai a rubuce.

"Ji nan," ta ce, ta ɗan sassauta. "Ban hana ka ita ba. Amma ba zan shige maka gaba a maganar aure ba alhali kana kallon yarinya tana tafiya haka ka yi gum don kada a daina yi maka murmushi. Ko ka faɗa mata yau, ko in fita yanzu in faɗa, kuma ka san ban iya lanƙwasa harshe ba."

"Zan faɗa."

"Ɗauki kofunan, kada ta gane."

Da la'asar muka fito. Muka zauna a bencin jiran mota a ƙarshen layinsu Yaya. Hutu ta gaji liƙis, ta ɗora kai a cinyar uwarta, nan da nan barci ya ɗauke ta. Akwai ɗanyar ciyawa maƙale a gefen rigarta.

"Yayarka mutuniyar kirki ce," in ji Maman Hutu. "Amma ta kalli wuyan nan, na gan ta. Kunya kamar in nutse. Ba ni sabulun, yau sai na ga bayansa."

Na fito da shi na riƙe, ban miƙa ba.

"Maman Hutu, ba dauɗa ba ce."

"To mece ce?"

Na faɗa mata, a hankali, yadda na iya. Na ce fata ce ke nuna abin da ke faruwa a ciki. Na ce nauyin ya yi wa jikinta yawa, kuma mai yiwuwa jikin ya fara gajiya da sukari. Na ce ban tabbatar ba, sai an je asibiti, kuma in an tara da wuri abu ne da ake iya juyawa. Tana kallon titi har na gama.

"Wato ni nake cutar da ita."

"Ban ce haka ba."

"Kakarta ta ce zan kashe ta da yunwa. Kai kuma ka ce da ƙoshi." Ba ta ɗaga murya ba, saboda mai barci. "Ka san abin da nake ci da rana a wajen aiki? Ruwa. Don in na dawo in ga ta ci ta bari. Duk unguwarmu babu wanda ya taɓa cewa na iya wani abu, sai a kan yarinyar nan. In na bi layi da ita ana cewa kai, Maman Hutu, kin iya kiwo. Shi ke nan abin da nake da shi, Likita. Shi ka zo ka karɓe?"

"Ba karɓewa na zo yi ba."

"Kai fa? Wa ya sa maka Kawu Alawa?"

"Ita."

"Da me ka saye ta?"

Na sa hannu a aljihun hagu, na fito da sauran alawar, na ajiye a kan benci tsakaninmu, kusa da sabulun.

"Da wannan," na ce. "Ni na ma fi ki laifi, domin ke ba ki sani ba. Kowannenmu ya ba ta abin da hannunsa ya kai gare shi ne. Ina tashi daga shago da la'asar. Akwai filin makaranta a bayan layinmu, in kin yarda, ni da mai ɗinki za mu riƙa kai ta. Akwai firji a shago, maigidana ba zai hana ni gefe ɗaya ba. Ba na ce zai yi sauƙi ba ne."

"In ta rame fa?" Sai a lokacin ta juyo ta dube ni, kwallin ya ɗan zubo. "Hoton wata mai zuwa fa? Tsohuwar nan ba ta san wani sukari ba. Kumatu take dubawa. In ta ga sun faɗa, mota za ta shiga."

Duk abin da aka koya mana a makaranta, babu darasin da ya yi maganar kaka.

Mota ta tsaya. Ta tashi Hutu, ta gyara mata riga, ta ciro ciyawar nan daga gefen rigar, ta tsaya tana kallonta a tafin hannu kafin ta yar.

"Kada ka raka mu," ta ce.

Suka shiga. Sabulu da alawa suna nan a kan benci inda na ajiye su. Na kwashe, domin ba na son barin shara a unguwar mutane.

Ranar Lahadi ban iya karyawa ba. Na rubuta mata ban haƙuri, na ga kamar ina janye maganar ne, alhali ba zan janye ba, na share. Na rubuta bayani mai tsawo a kan sukari, na ga ya yi kama da jarrabawa, na share. Yaya ta kira ta ce, "Ka faɗa?" Na ce na faɗa. Ta ce, "To ka ci abinci," ta kashe.

Sai bayan azahar wayata ta yi ƙara. Na bar ta a kife a kan tebur na ɗan lokaci kafin na iya juyawa.

"Na kira shugaban sashenmu na roƙi hutun gobe Litinin. Tun da na fara aiki ban taɓa neman hutu ba, har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ka zo da safe ka kai mu inda ake gwajin. Kada ka zo da komai a aljihu."

Ina cikin karantawa a karo na biyu wani ya shigo. Hoton Hutu ne a kan keke, baki buɗe, gumi a goshi, 'yan biyu suna riƙe da ita.

"Wannan na aika wa kakarta maimakon na jikin labule. Ta amsa. Ta ce wa ya sa jikarta wahala a rana kamar 'yar aiki, kuma tana nan tafe ƙarshen wata ta gani da idonta. Na gaya mata akwai mai yi mata bayani. Tunda ka iya faɗar gaskiya, Likita, sai ka tanadi wadda za ka faɗa mata a bakin ƙofata."

A karo na farko tun da aka fara kirana da sunan nan, ban ji ina son in gyara ba. Na rubuta, "Zan tsaya." Na aika kafin yatsana ya kai ga sharewa.